Ɓerayen da Suka Ƙi Ramewa

Dogo ya zura hannu cikin jakar yadin, ya kamo ɓeran ta ƙeya, ya ɗago shi saitin fuskar Auta kamar mai tallan kaza.

"Ga shi, Malama. Duba da idonki, kar ki ce ni na ƙara masa nauyi."

Auta ta duba. Ɓeran daji ne mai ruwan ƙasa, a kunnensa ga 'yar lambar ƙarfen da suka maƙala masa bara. Gashinsa sai sheƙi yake, ya yi ɓul-ɓul, yana kallonta ba tsoro ba kunya. Ta waiwaya ta dubi filin. Tun daga wayar shinge har bakin kwatar da ke bayan jami'a, ciyawa ta bushe ƙayau, ba ko ɗan kore da akuya za ta yi wa kallo na biyu. Ƙarshen rani ne. A ƙa'ida, ɓeran da ya kai yanzu da rai ya kamata a iya ƙirga haƙarƙarinsa.

"Na baya ma haka yake?" in ji ta.

"Ta baya ce. Ciki gare ta, haihuwa yau ko gobe."

Auta ta dafe kai. Ita fa ba masaniyar dabbobi ba ce, malamar lissafi ce, Dogo ne ma'aikacin sashen halittu da ke kama mata ɓerayen duk mako, ya auna, ya sake su. Aikin digirinta na uku shi ne gina lissafin da zai faɗi yawan ɓerayen fili tun kafin a ƙirga su. Abin da ta dogara a kai ba mai wuya ba ne. Ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi ta yi 'ya'ya, ɓeraye su ci su hayayyafa. Rani ya shigo, ciyawa ta mutu, yunwa ta rage su. A kwamfutarta layi biyu ne, kore na ciyawa, ja na ɓeraye, jan kullum yana biye da koren kamar ƙane da wansa, inda wa ya taka yau nan ƙane zai taka bayan wata biyu. Shekara biyu ƙidayar Dogo tana faɗowa a kan jan layin nan ɗigo bayan ɗigo, har ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Ɓeraye, ita kuma tana nuna ba ta so alhali tana so.

A shekara ta uku 'ya'yan nata suka yi mata tawaye. Ciyawa ta mutu, jan layi ya gangara yadda ya saba, ɗigogin Dogo suka ƙi bin sa. Suna can sama abinsu.

Yau kuma da la'asar kwamiti zai zauna a kan aikinta, har da wata baƙuwar farfesa da aka gayyato daga wata jami'a, wadda aka ce ba a taɓa ganin haƙoranta a wurin aiki ba. In lissafin ya tsaya da ƙafarsa, a ce ta je ta rubuta kundinta. In ya kasa bayanin shekara ta uku, a ce ta koma farko. Shi ya sa ta fito da sassafe ko shayi ba ta sha ba, ta zo filin da ta yi watanni ba ta taka ba, tana addu'ar a ce Dogo ne bai iya ƙirga ba. Ga shi kuwa Dogo ya iya.

Ya saki ɓeran. Bai ma ruga ba, tafiyar ƙasaita ya yi zuwa raminsa. Dogo ya tsuguna zai sake ɗana tarkon, ɗan akwatin kwano mai ƙofa, ya janyo buhu ya ciro ƙunshin takardar jarida kamar dunƙulen hannu. Ya warware, ya zuba abin da zai shiga a ciki, sauran gyaɗar da hatsin ya juye a bakin ƙofa.

"Tsaya," in ji Auta. "Mene ne wannan?"

"Abincin tarko mana."

"Na tarko nawa?"

"Na ɗaya."

"Dogo, cokalin shayi ɗaya muka ce! Abin da zai ja su shiga kawai!"

Dogo ya ɗago kai yana ƙifta ido. "Ai na ɗauka ke kika canza. Ranar da na fara zuwa gidanki karɓar buhu na ga ƙunshin ya girma, na tambaya, Umma ta ce an yi ƙari."

"An yi ƙari?"

"Haka ta ce. Ni kuwa wa zai sa ni jayayya da uwa?"

Ruwa ba ya tsami banza. Auta ta tsaya da buɗaɗɗen baki, komai ya dawo mata daki-daki. Umma ta dawo wurinta da zama ne farkon shekara ta uku, bayan rasuwar Baba, lokacin da yayyenta suka ce bai kamata a bar tsohuwa ita kaɗai a wancan ƙaton gida ba. A lokacin aka ƙara wa Auta azuzuwa, ba ta da lokacin numfashi. Umma ta dame ta da a ba ta abin yi, zaman banza zai kashe ta. Sai ta ba ta ƙulla abincin tarko, ta haɗa mata da cokali, ta ce Dogo zai riƙa biyowa da babur yana ɗauka. Tun ranar ba ta sake leƙa cikin buhun ba.

A cikin bas ta tsara faɗan da za ta yi, ta gyara, ta sake tsarawa. Kwandasta ya tambaye ta inda za ta sauka har sau biyu kafin ta ji. Da ta tuna wa za ta yi wa faɗan, sai ta rage masa gishiri. Da ta tuna kwamiti, sai ta mayar.

Ta tarar da Umma zaune a kan tabarma a ƙofar kicin, ta miƙe ƙafa, ga faranti cike da gyaɗa da hatsi a gabanta, ga yankakkun jaridu a gefe, tana ƙulla na mako mai zuwa. Rediyo na magana a kan firji. A kan tebur ga kwanon abincin Auta na jiya a rufe, yadda aka ajiye shi.

"Kin dawo? To zauna ki karya. Dubi wuyanki kamar na zalɓe."

"Umma, ina cokalin da na ba ki?"

"Yana cikin gwangwanin sukari. Can ya dace da shi."

"Da me kike ɗiba?"

Umma ta ɗaga hannun dama ta nuna mata, kamar an tambaye ta da me take gani.

"Umma, cokali ɗaya na ce miki!"

"Na ji. Ai ba kurma ba ce ni." Ta ɗibi wani ta zuba a takarda. "Auta, ki ji tsoron Allah. Ki kama bawan Allah, ki kulle shi ya kwana a akwati, ki huda masa kunne, ki rataye shi a sikeli, sannan ki sallame shi da ƙwayar gyaɗa uku? Ko a gidan yari ai ana ba mutum ya ƙoshi."

"Ɓeraye ne fa, Umma!"

"Ɓera ba shi da ciki? Wanda kuka kama ɗin, ba shi da iyali a rami suna jiran sa? A ranin nan me kike so su ci, waya?"

"Ai abin da nake aunawa ke nan! Yunwar nake aunawa!"

"Yunwa kike aunawa?" Umma ta riƙe haɓa. "Duk karatun nan da ubanki ya yi ta alfahari da shi, ashe zama kike ki ga yadda yunwa ke kashe bayin Allah?"

Auta ta buɗe baki, faɗan da ta tsara a bas ya ɓace ɓat. Sai kawai ta zame ta zauna a ƙasa ta jingina da firji, hawaye ya ɓalle mata. Ta faɗa mata duka, da kwamiti, da baƙuwar farfesa, da shekara ukun da za su bi ruwa yau da la'asar.

Umma ta miƙa hannu ta kashe rediyo. Tsoro ya bayyana a fuskarta ƙarara.

"Na ɓata miki ke nan?" ta ce a hankali. "Wallahi ban sani ba, Auta. Na gwada cokalin, ranar farko na gwada. Hannuna ne ya ƙi. Hannun nan tun ina amarya yake ɗibar wa mutum goma, yau an wayi gari ke kaɗai ce, ke ɗin ma ba kya ci. In na dafa, sai dai in rufe in buɗe in rufe. Su kuwa Dogo ya ce min ko ƙwaya ba sa bari."

Tausayi ya kama Auta, ya haɗu da takaici, ta rasa wanda za ta fara ji. Ta share ido da gefen mayafi. Umma kuwa, don rashin abin da za ta yi da kanta, hannunta ya ci gaba da aikinsa, ya ɗiba, ya zuba, ya murɗe takarda, ya ajiye a layi.

Auta ta bi layin da kallo. Ta ɗauki ƙunshi ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ta jinjina. Ta ajiye ta ɗauki wasu biyu. Sai ta gyara zama.

"Umma, tun yaushe kike ɗiba da hannu?"

"Tun makon da kika ba ni aikin."

"Ba ki taɓa fashi ba?"

"Ni da fashi? Ranar da na kwana da zazzaɓi ma sai da na ƙulla."

"Ba ki taɓa ragewa ko ƙarawa ba?"

"In rage wa wani in ƙara wa wani? Su yi faɗa?"

Auta ta miƙe zumbur. Abin da ba a san yawansa ba shi ne ɓarna. Abin da za a iya ɗorawa a sikeli kuwa yana da wurin zama a lissafi. Shekara guda tana neman abin da ta manta ba ta sa ba, ta tuhumi ruwan sama, ta tuhumi zafi, ta tuhumi Dogo, ashe gidanta ta manta.

"Tashi ki sa mayafi, Umma. Ɗauko farantin."

"Ina za mu?"

"Za a auna hannunki."

"A auna me?"

A ɗakin gwaje-gwaje na sashen halittu, Dogo ya goge ƙaramin sikeli mai gilashi, ya ɗora masa kwano. Umma ta zauna a doguwar kujera, ƙafafunta ba sa kai ƙasa, tana kallon kwalaben da ke jere da zargi. Aka ce ta ɗiba yadda ta saba. Ta ɗiba, Dogo ya karanta, aka juye. Ta sake, ya karanta. Haka suka yi ta yi, lambobin suna fitowa kusa da juna kamar 'yan gida ɗaya, wani ya ɗara da ƙwaya biyu, wani ya gaza da ɗaya.

"Umma, injin ne a hannun nan?" in ji Dogo.

"Ido ba mudu ba ne, ɗan nan, amma ya san kima."

Auta ta buɗe kwamfuta a gefen tebur. A lissafinta akwai wurin da aka rubuta abincin da ɓeraye ke samu, kuma tun farko abu ɗaya ne a wurin, 'ya'yan ciyawa. Ta ƙara alamar tarawa, ta yi ɗan tunani, ta rubuta harafin U. Ta ba shi nauyin ɗiba ɗaya, ta ninka da yawan tarkuna, ta ce ya fara aiki daga makon da Umma ta karɓi farantin. Ba ta taɓa komai ba bayan wannan, ko haihuwa, ko mutuwa, ko ruwan sama. Ta yi bisimilla ta danna.

Jan layin ya taso daga hagu, ya hau damina ta farko, ya gangara rani, ya hau ta biyu, ya gangara. Ya hau ta uku. Ya iso inda ya saba faɗowa yana kunyata ta, ya ɗan sunkuya, sai ya fasa. Ya miƙe ya bi ɗigogin Dogo ɗaya bayan ɗaya, har na safiyar yau.

Dogo ya ƙwalla ihu, ya cire hularsa ya jefa sama, ta maƙale a fanka. Auta ta rungume Umma har kujerar ta nemi kifewa, tana dariya tana kuka.

"To ni dai a faɗa min," in ji Umma, "na gyara ne ko na ɓata?"

"Duka biyu, Umma!"

Hayaniyar ce ta jawo Farfesa, mai duba aikin Auta. Dattijo ne mai kirki, amma yana da ra'ayi ɗaya da ya rayu a kansa, cewa ba yunwa ke rage ɓerayen daji ba, mujiya ce da 'yan'uwanta masu farauta. A bayan idonsa Farfesa Mujiya ake ce masa, kuma ya sani. Tun da lissafin Auta ya fara tangarɗa yake tausaya mata, amma tausayin mai cewa ai dama na faɗa.

Ya gaisa da Umma cikin girmamawa, ya saurari labarin, ya sunkuya a kan allon kwamfutar ya daɗe yana kallo.

"Ba ki taɓa sauran ba?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"Mujiyoyin suna nan kuwa, Dogo?"

"Suna nan a bishiyarsu, Farfesa. Su ma sun yi ƙiba."

Farfesa ya miƙe ya cire tabarau. "Wato mujiya na nan, ɓera bai ragu ba. Abinci ya ƙaru, ɓera ya ƙaru." Ya yi ajiyar zuciya, sai kuma ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Shekara da shekaru ina neman wanda zai kayar da ni a taro, ashe a kicin take zaune!"

Da dariyar ta lafa ya dubi Auta sosai. "Amma ki sani, baƙuwar nan tana iya cewa an ɓata gwaji, ta watsar da shekarar gaba ɗaya. Ba zan iya hana ta ba."

"Na sani. Zan faɗa mata yadda aka yi, in ya so ta yanke."

Da la'asar ɗakin taro ya ɗauki mutum biyar a bayan dogon tebur. Baƙuwar tana tsakiya, 'yar ƙaramar mace mai tabarau rataye da igiya, ta jera birukanta a gabanta kamar za ta yi tiyata. An bar Umma a benci a baranda, da farantinta rufe a cinya.

Auta ta fara da shekaru biyun da suka yi kyau. Sannan ta haska ta uku a bango, tsohon layin yana ƙasa, ɗigogi suna sama, ta bar su suka kalli kunyarta son ransu. Daga nan ta ciro cokalin shayi daga jaka ta ajiye a tebur, ta ajiye ƙunshin jarida kusa da shi, ta ba da labari tun daga farko, ba ta ɓoye cewa shekara guda ba ta leƙa buhun ba. Wani a ƙarshen tebur ya yi tari don ya danne dariya. Ta haska sabon layin.

Baƙuwar ba ta yi ko murmushi ba. "Sakaci ne," in ji ta.

"Sakaci ne, ranki ya daɗe."

"Kuma kowane ɗalibin lissafi ya san in layi ya ƙi bin ɗigo, ana iya ƙirƙiro lamba a lanƙwasa shi. Ta yaya zan san ba zaɓar wannan U ɗin kika yi don ya dace ba?"

Tambayar da Auta take fata ke nan.

"U ɗin tana waje, ranki ya daɗe. In kin yarda in shigo da ita."

Umma ta shigo da sallama, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowa iyalinsa da gajiyar aiki, ba wanda ta tsallake. Dogo ya biyo ta da sikeli. Baƙuwar ta taso da kanta, ta duba kwanon, ta tabbatar sikelin yana kan sifili.

"Mama, ɗibi yadda kika saba."

Umma ta ɗiba ba tare da ta kalli farantin ba. Baƙuwar ta karanta, ta sa aka sake, ta karanta, ta sa aka sake. Sannan ta janye kwamfutar daga gaban Auta, ta goge lambar da ke ciki, ta rubuta tata da yatsa ɗaya, ta danna. Jan layi ya taso, ya hau, ya gangara, ya iso rani na uku, ya bi ɗigoginsa bai kauce ba.

Baƙuwar ta tsaya tana kallon bango. Can sai ta naɗe hannun riga, ta tsoma nata hannun a farantin, ta zuba a kwano, wai ta ga ko kowane hannu haka yake bayarwa. Bai kai rabin na Umma ba.

Umma ta leƙa kwanon, ta dubi matar da tausayi. "'Yar nan, a gidanku haka ake ɗiba? Shi ya sa ba ki da auki."

Farfesa ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Baƙuwar ta yi ƙoƙari iyakar ƙoƙari, ta cije leɓe, ta gyara tabarau, amma ina. Ranar dai sauran 'yan kwamitin da Dogo sun ga haƙoranta, kuma farare ne tas.

Aka ce su Auta su jira a waje, kwamitin kuwa bai daɗe yana shawara ba. Da aka kira su ciki, baƙuwar ce ta yi magana. Ta ce masana da yawa sukan yi shekaru suna neman izini da kayan aiki don su ciyar da ɓerayen fili su ga abin da zai faru, ga shi an yi a nan ba da niyya ba, kuma lissafin ya faɗi sakamakon daidai. Auta ta je ta rubuta kundinta, ta rubuta sakacin a ciki ƙarara. Amma da sharaɗi ɗaya. Rani mai zuwa za a raba filin biyu da shinge, a maimaita da gangan, rabi a ba su ɗiban Mama, rabi a koma cokali.

Auta ta ji kamar an sauke mata buhun siminti daga ka. Ta yi godiya. Umma ce ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Su wancan rabin, laifin me suka yi?"

"Ilimi ne, Mama," in ji Farfesa. "Sai da su za a gane."

"To wa zai je ya faɗa musu?"

"Dogo," in ji baƙuwar, tana tattara birukanta.

A bas ɗin komawa gida sun samu kujera ɗaya ta mutum biyu. Auta ta kasa rufe baki, ta buɗe kwamfuta a cinya tana nuna wa Umma hotunan biyu, tana bayanin da ba a tambaye ta ba. Umma ta sa yatsa a kan tsohon layin, wanda ya gangara ƙasa shi kaɗai ba ɗigo ko ɗaya a kansa.

"Wannan da ya rame, ba wanda ya bi shi?"

"Ba ko ɗaya."

"Akwai," in ji Umma. "Ke."

Auta ta yi dariya, sannan ta daina. Ta dubi hannun da ke kan farantin, jijiyoyi sun fito masa, gefen yatsa ya yi kanta saboda murɗa takarda. Yau ta auna shi har ta san nauyin abin da yake ɗauka, amma shekara guda yana ajiye mata kwano a tebur tana wucewa. Kunya ta kama ta, irin wadda kwamiti bai sa ta ji ba.

"Umma, kin dai ji sharaɗin. Rabi cokali. Ban da yi musu ƙari a ɓoye."

"Na ji."

"Tsakani da Allah?"

"Na ce na ji." Ta juya tana kallon taga. "Sai dai ban san inda zan kai sauran ɗiban ba."

Sun iso gida rana na shirin faɗuwa. Umma ta ajiye faranti, ta rataye mayafi, ta nufi tebur za ta ɗauke kwanon jiya kamar yadda ta saba. Auta ta ajiye jakar kwamfuta a bayan ƙofa, ba ta buɗe ta ba. Ta janyo tabarma ta zauna a ƙofar kicin.

"Umma, yunwa nake ji."

Umma ta juyo da kwano a hannu, ta dube ta kamar ba ta ji daidai ba. Sai fuskarta ta washe. Nan da nan tukunya ta hau wuta, ta janyo buhun shinkafa ta kwance bakinsa. Har ta tsoma hannu, sai ta dakata, ta ɗan karkato kai.

"Malama, da cokali ko da hannu?"

"Da hannu, Umma."

Umma ta ɗiba ta zuba. Ta dubi Auta tun daga wuya har ƙafa, ta ƙara.